Yadda ake tara tsofaffin kwari da baka a Tawa da Yamai

Kwari da baka na mutanen da suna cikin gidaje, a soke jikin jinka ko a rataye bayan rumbu, kuma kowace shekara raguwa suke yi. In an rushe ɗakin kaka za a gina na siminti, abin da aka tarar a rufi yakan ƙare a murhu ko a hannun yara, in ma gara ba ta riga kowa ba. Mai son tara irin waɗannan kaya a Tawa da kewayenta, ko a Yamai, cikin Nijar, ba sai yana da kuɗi masu yawa ba. Haƙuri aikin yake so, da ido, da kaye guda na rubutu. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne kayan maharbi tare suke tafiya: baka da tsarkiyarsa, kwari da kibansa, da labarin wanda ya rataya su. In ka raba su, ko ka goge su suka yi ƙyalli, abin da ya rage maka sanda ce da ƴan ƙarafa.

Ka yanke wa kanka iyaka

Kafin ka sayi ko kibiya ɗaya, ka tsai da abin da kake tarawa. Duniyar baka faɗi gare ta. Turkawa sun yi nasu da ƙaho da itace da jijiya a manne wuri guda, na Japan yakan wuce mita biyu, Ingila kuwa har yau tana ji da dogayen bakunkunan da aka tsamo daga jirgin yaƙin nan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka fito da shi a 1982. Irin waɗannan a gidajen tarihi da gidajen gwanjon Turai suke. In wani ya turo maka hoton ɗaya a WhatsApp ya ce na gado ne, ga shi a Yamai da araha, ka yi masa godiya ka wuce. Namu na kusa ya ishe ka aiki: na Adarawa, na Gobirawa wajen Madawa, na Arawa wajen Dogon Dutsi, na ƙasar Konni, na Fulani makiyaya, na Zabarmawa da Gurmawa ta yamma. Shawarata ka ɗauki ƙasa ɗaya, in so samu wadda kake jin harshenta kuma kana da dangi a ciki, don rabin aikin nan hira ce da tsofaffi.

Yankin nan kuwa ya san baka. A Tabkin Kwatto, a 1804, ƴan bakan jama'ar Shehu Usmanu ne suka tsai da dawakin Sarkin Gobir Yunfa. A Lugu, cikin Afrilun 1899, da kibau mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda daga can ta wuce ta ƙone Birnin Konni. Sanin wannan zai sa ka shirya wa ƙarya, domin dillali ya san sunan Lugu yana ƙara kuɗi. Kyauro ciyawa ce, kafin ya haura shekara ɗari yana nan da kyansa sai an yi masa ajiya ta musamman. Galibin kayan kirkin da za su zo hannunka na zamanin mulkin Faransa ne zuwa zamanin shugaba Seyni Kunce, kuma wannan ma ba abin rainawa ba ne.

Ka koya wa idonka kafin ka taɓa aljihu

In kana Yamai, ka ba gidan tarihi na ƙasa, Musée National Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, safiya guda. Ka tsaya gaban tsofaffin makamai da kayan fata ka dube su da kyau, sannan ka zagaya wajen masu aikin hannu da ke cikin harabar, ko ka je cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata, ka ga yadda sabuwar fata da sabon ɗinki suke. Wanda ya ga tsoho da sabo a rana ɗaya ba a cika ruɗa shi ba. Akwai kuma fim ɗin da Jean Rouch ya kammala a 1965 kan maharban zaki na ƙasar Songai, inda ake ganin ƙirar kan kibiya da yadda ake haɗa ta. 

Amma babbar makaranta ita ce zauren Sarkin Baka. Da wuya ka sami babban gari a ƙasar Hausa da babu shugaban maharba. Ka je masa da goro, ka ce koyo ya kawo ka. Daga nan ka nemi tsohon maƙeri da tsohon baduku, don kowannensu yana gane hannun abokin sana'arsa da kallo ɗaya.

Ga abin da za su nuna maka. Bakanmu itace guda ne, gajere, in ka tsai da shi ƙasa da wuya ya wuce ƙirjin babban mutum. Ana yin sa da itace mai lanƙwasa ba ya karyewa, irin dargaza da ɗunɗu, ko gora da ake kawowa daga kudu. A kai ɗaya za ka ga huda ko tsaga inda tsarkiya ke kamawa, a ɗayan a naɗe ragowarta. Tsarkiyar da murɗaɗɗiyar fata ce. Kibiya kuwa kyauro ne, kuma galibin kiban ƙasarmu ba su da gashin tsuntsu a gindi, saboda haka in ka ga kibiya ta sha gashi mai launi an ce ta Ba'adare ce, ka sa ayar tambaya. Kan ƙarfe ne mai doguwar wutsiya da ake cusawa cikin kyauron a ɗaure bakin da jijiya, yana da kunne ɗaya ko biyu ko fiye, wuyansa kuma a murɗe ko a sassare don dafi ya sami wurin kamawa. Akwai ƙunda mai kan itace, ta harbin tsuntsu da koyon yara. Kada ka raina ta, ita ce ta fi saurin ɓacewa don ba wanda ke ajiye ta. Kwari gora ce ko itace da aka rarake, ko busasshiyar fata, a lulluɓe da jemammiyar fata, da murfi da maratayi, sau da yawa da layu a ɗinke a jiki.

Sauran kayan da ke bin waɗannan su ne burgami, da warki, da ƙahon kira, da wuƙa, da fatar da wasu ke ɗaurawa a wuyan hannu don dukan tsarkiya, sai kuma burtu. Burtu shi ne kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya sunkuya yana tafiya yana kaɗa kai har ya matso kusa da nama. Dogon wuyan itace ne a rufe da fata, bakin tsuntsun na gaske a samansa, wani a yi masa ado da idon zakara da ƴan madubai. Turawa suna son sa ƙwarai, shi ya sa ya fi kowane kaya yawan jabu.

Maganar dafi, tun kafin ka miƙa hannu

Wannan ba wurin gaggawa ba ne. Tushen dafin kibiya a ƙasashenmu ƴaƴan kwankwani ne, da wasu abubuwa da kowane gida ke ƙarawa yana ɓoye sirrinsa. Zuciya yake kamawa ya tsai da ita, kuma tsufa ba ya kashe shi. Gidajen tarihin Turai har yau da safar hannu suke taɓa kiban da aka kwasa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Za ka gane shi da wani baƙi ko ja-ja-baƙin abu mai kama da busasshen ƙaro, a daskare a wuyan ƙarfe bayan kunnuwa. Ko ba ka ga komai ba, ka ɗauki kowace tsohuwar kibiya a kan mai dafi ce.

Saboda haka ba a cusa hannu cikin kwari. Ka shimfiɗa tabarma ko buhu, ka buɗe murfi, ka karkata kwarin a hankali kibau su zamo da kansu, ka ɗauki kowace ta gindi. Ka sa safar hannu ta fata mai kauri. Ba a gwada tsini da yatsa, ba a kankare dafi da farce, ba a hura masa iska da baki. In ka gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa goro ko ido. In tsautsayi ya sa ta soke ka ko ta karce ka, ka wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu, ka tafi asibiti nan take, ka gaya musu tsohuwar kibiya ce mai yiwuwa da dafin da ke taɓa zuciya, ka tafi da ita a naɗe, ka kuma nemi allurar tetanos saboda tsatsa. Tsohon maharbi zai ce yana da makari. Ka girmama shi, amma kada ka zauna jiran makari mota tana tsaye. Idon zakaran da ke jikin burtu ma guba ne in yaro ya tauna, kuma jan nan nasa yara yake kira.

Wasu suna wanke dafin don hankalinsu ya kwanta. Ni ban goyi bayan haka ba. Ka shafe shaidar cewa an yi farauta da kibiyar, ka kuma zuba ruwan guba inda kaji da awaki ke kiwo. Abin da ya fi shi ne ka soka kowane tsini cikin guntun ɓargon kara, ka ajiye su inda akwai makulli.

Inda ake samu, da yadda ake shiga gida

A kasuwar Lahadi ta Tawa, wajen masu maganin gargajiya da ƴan tsofaffin ƙarafa, wani lokaci akan ci karo da kwari ko ɗaurin kibau. A Yamai akwai Katako, da shagunan kayan gargajiya na wajen unguwar Château 1 waɗanda suka saba da baƙi masu kuɗi. Kayan kasuwa suna da amfani wajen koyo, amma yawancinsu sun rabu da asalinsu, mai sayarwa hannu na uku ne ko na huɗu. Kayan da suka fi daraja ta hannun Sarkin Baka ko maigari ake isa gare su.

Zuwan farko ba na ciniki ba ne. Ka gaisa, ka zauna ƙasa, ka miƙa goro, ka bar wanda ya kawo ka ya gabatar da kai. In an zo kan magana sai ka ce, “Baba, na ji an ce kayan farautar gidan nan suna nan. In babu damuwa ina so in gani, ko da ba na sayarwa ba ne.” In Ba'adare ne zai iya kallon ka ya ce, “Mi kaka so ka yi da su, yaro?” Ka faɗa masa gaskiya: ajiyewa za ka yi, da sunansa da na mahaifinsa a rubuce. In kana da niyyar sayarwa wata rana, wannan ma ka faɗa. Kada ka je gidan da ba a daɗe da yin rasuwa ba. Kada kuma ka zaɓi lokacin da rumbu ya ƙare ka zo da kuɗi a hannu, don a lokacin mutum zai sallama abin da zai yi kukansa bayan kaka, kuma garin ba zai manta da kai ba.

Akwai kayan da ba a saye ko an yi maka tayi. Bakan da ke cikin kayan sarauta, da wanda gida ke fitarwa don al'adarsa, irin na gidajen Azna a Masallata ko Lugu, ba na mutum ɗaya ba ne balle ya sayar. In saurayi ya same ka a tasha da dare da kwari cikin buhu yana waige-waige, kayan kakansa ne ya sato. In kuma kayan marigayi ne, to gado ne, sai magada sun yarda, har da matan da ke aure a wani gari.

In an fito da kayan, kafin ka yi maganar kuɗi ka nemi izinin ɗaukar murya da salula, ka yi tambaya. Wa ya sassaƙa bakan, da wane itace, daga wane daji? Wane maƙeri ya yi kawunan? Wane nama aka kashe da shi, yaushe aka daina fita da shi, me ya sa? Yana da kirari? Tsoho ba zai ce maka 1962 ba, zai ce shekarar da aka haifi wane, ko kafin yunwa kaza. Sai ka jingina maganarsa da abin da aka sani: yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, samun mulkin kai a 1960, farin 1973 da hawan Kunce a 1974, yunwar El-Buhari a 1984. A kaye ka rubuta abin da ya faɗa da bakinsa a wuri ɗaya, lissafinka kai kuma a wani wuri, kada su cakuɗe.

Dubawa

Ka fito da kayan fili, cikin inuwa mai haske. Fara da tsakiyar baka, inda hannu ke riƙewa. Bakan da aka yi shekaru ana fita da shi, wurin nan ya yi santsi ya yi duhu da gumi, kuma daidai saman riƙon akwai ɗan gurbi mai sheƙi inda kibiya ke gogawa in ta fita. Duhun yana raguwa in ka nufi kawuna. Na jabu baƙinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Ka ɗan jiƙa farin tsumma ka goga a wuri ɓoyayye: man goge takalmi ko baƙin man mota zai fito da maiƙo da warinsa, kunkunniya kuwa a bushe take fita, da warin tsohon hayaƙi, kuma takan fi kauri a gefe guda saboda yadda aka soke bakan a rufi. Ka duba inda tsarkiya ke kamawa, tsohuwa ta ci itacen ta yi wa kanta hanya. In ka ga ƙananan huda, na ƙwaro a karkace suke shiga kuma ba girmansu ɗaya ba, na ƙusa a miƙe. In farin gari yana zubowa daga ciki, ƙwaron yana nan da rai.

Abu ɗaya da ba a yi ko mai shi ya ce ka gwada: ba a jan tsohon baka. Kamar ƙashin tsoho yake, a ido lafiya lau, ja ɗaya sai ka ji ƙas.

A kan kibiya ka nemi sawun guduma, ƴan fuskoki marasa daidaito, da kunnuwan da aka tsaga daga jikin ƙarfen aka buɗe su. Layuka masu jere da juna sawun injin wasa ƙarfe ne. Tsohuwar tsatsa baƙi-baƙi ce, a manne, ba ta bin hannu. Ja mai haske da ke zuba, an jiƙa ƙarfen ne da ruwan gishiri makon jiya. Jijiyar da ta tsufa takan ƙanƙance ta kama kyauro tam, ta yi launin zuma, zaren leda kuwa ƙyalli yake kuma bakinsa a ƙone. Sai dai a nan ka yi hattara da yanke hukunci. Kibiyar da maharbi ya sa aka ƙera masa da ƙusa ko guntun rodi a zamanin shugaba Diori, ya kuma ci nama da ita, ta gaske ce, ba jabu ba. Jabu shi ne wanda aka yi jiya aka ce na shekaranjiya ne.

Sannan ka jera kiban kwari ɗaya gefe da gefe. Na maharbi guda tsawonsu yakan zo kusan ɗaya, don da jan hannunsa aka auna, amma kawunan sun ɗan bambanta saboda ba a shekara ɗaya aka ƙera su ba. In duk tagwaye ne, a zama ɗaya aka yi su. In wata doguwa wata gajera ƙwarai, dillali ne ya tattaro ya cika kwari. Ka haska tocila cikin kwarin: gindinsa ya kamata ya sha sukar tsini, da tsohuwar ƙura ko tsumman da aka cusa. Maratayi ya suɗe inda yake hawa kafaɗa. Ɗinkin da siririyar fata ce ta hannu, ba zaren keke ba. Jan rinin karan dafi in ya tsufa yakan koma ja mai duhu, jan garin rini na kasuwa kuwa ihu yake. A burtu, ka juya matashin da ke zama a goshi. In babu tabon gumi, ba a taɓa sunkuyawa da shi a daji ba. In kuma an ce maka ga bakan manyan Abzinawa, ka tuna makaman da aka san su da su takobi ne da mashi da garkuwa.

Layun da ke jikin kwari a bar su a ɗinke. Ba a farkewa don a ga abin da ke ciki, ba a kuma cirewa don an ga ba su dace ba. In mai kayan ya ce layar ba za ta bi ka ba, ya cire da hannunsa, kai kuma ka rubuta cewa da akwai laya a wuri kaza.

Ciniki da takarda

Babu tsayayyen farashi a wannan harka. Ka bar mai kaya ya fara faɗa, in ya ce ka taya, ka taya da mutunci. Cikakken kaya mai labari ya fi ɗaiɗaiku goma, saboda haka in kuɗinka ba su kai ba gara ka jira da ka ce a ba ka kwari a bar baka. Ka ware la'adar wanda ya kai ka tun farko. In an sallama, a rubuta takarda: abin da aka sayar ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin, da rana, da sa hannun mai sayarwa da shaidu biyu, in maigari zai sa nasa ya fi. Ka ɗauki hoton kayan a gidan kafin su motsa. In an ƙi sayarwa, ka nemi izinin hoto da awo, ka yi godiya kamar an ba ka. Sau da yawa irin gidan nan ne ke aiko maka bayan shekaru.

Doka da hanya

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi, mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997. Fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa sai da izinin ma'aikatar al'adu, abin da aka tono daga ƙasa kuwa ba na ciniki ba ne sam. Wannan ya haɗa da kawunan kibau na dutse da ake tsintowa a Tenere ana tallar su cikin gwangwani, da ƙarafan da ake haƙowa daga tsofaffin kaburbura irin na Bura. Kyansu da ɗaukar ido, amma kada su shiga gidanka. Sai dokar farauta da kare namun daji, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998: kwarin da aka rufe da fatar damisa ko kada ko mesa, da shi kansa bakin burtu, suna iya haɗa ka da ma'aikatan gandun daji, fatun nan kuma a filin jirgi da yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Ka je ofishinsu ka tambaya kafin ka saya.

A hanya kuma ka tuna abin da ka ɗauko makami ne, ko da ya tsufa. Daga Tawa zuwa Yamai ta Tsarnawa da Konni da Dogon Dutsi da Doso shingaye ne birjik, kuma a halin tsaron da ake ciki ba wanda zai yi maka dariya. Ka zuba kibau cikin bututun roba na famfo ka toshe bakin biyu, ka naɗe baka da zane a kan katako, takardar ciniki tana aljihun gaba. In an tambayi abin da ke cikin kaya, ka faɗa tun kafin a buɗe, ka kuma gargaɗi mai bincike kada ya sa hannu.

Ajiya a gida

Sabon kaya ba ya shiga cikin tsofaffi ranar da ya zo. Ka kwantar da shi kan farar takarda a wani ɗaki na mako biyu ko uku, kana duba ko gari zai zubo. In ya zubo, ƙananan kaya irin burgami da kwarin da babu kibau a ciki ana iya ɗaure su tam cikin leda biyu a sa a firiza mai sanyi sosai na mako guda, in fa wuta ba ta yawan ɗaukewa a unguwarku, sannan a bar su su huce cikin ledar kwana ɗaya kafin a buɗe. Baka ba zai shiga firiza ba, sai ka keɓe shi ka nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi. Kada ka fesa masa maganin sauro, kada ka shafa kananzir.

Tsabtacewa buroshi mai laushi ne kawai, a bushe, shi ma ban da kan da ke da dafi. Ba ruwa, ba sabulu, ba takardar goge katako, ba man ƙyallin kafinta. Man gyaɗa yakan yi wari ya kira ɓera. Man kaɗanya ma da ake yabo, a tsohuwar fata baƙanta ta yake ya tara ƙura, ba ya kuma fita. In wani abu ya tsinke, ka sa guntun a ambulan da lambar kayan. Kada ka kai wa baduku ya sabunta, kada ka ɗiga Super Glue.

Baka a kwance ake ajiye shi, kan turaku biyu da aka naɗe da tsumman auduga, nesa da bango kaɗan saboda gara. In ka jingine shi a kusurwa zai karkace. In ya zo da tsarkiya a ɗaure kuma ta bushe, bar ta yadda take. In tana motsi cikin sauƙi ka ɗan sassauta. Kibau a kwance cikin akwati mai makulli, kowace a gurbinta. Kwari kada ya rataya da maratayinsa, tsohuwar fata ba ta ɗaukar nauyi. Game da ɗaki, na ƙasa mai kaurin bango ya fi na kwano nesa ba kusa ba, don zafin Afrilu da Mayu a ƙarƙashin kwano yana gasa fata, iskar hunturu kuma tana tsaga kyauro in taga a buɗe take. Da damina abin tsoro fumfuna ce da yoyo, musamman a Yamai kusa da kogi. A lokacin ka riƙa buɗe akwati duk mako ka bar iska ta shiga, kada kuma ka bar kaya cikin leda.

Kowane abu ka ba shi lamba, ka rubuta da fensir a ƴar takarda ka ɗaura da zaren auduga. Ba a rubutu a jikin kaya. Kayan gida ɗaya su ci lamba ɗaya da rassa, misali baka 7-a, kwari 7-b, kibau 7-c zuwa ƙasa, don ko sun watse a san ƴan ɗaki ɗaya ne. A kaye ka sa tsawo da igiyar awon tela, da gari, da mai shi, da ranar saye, da abin da ka gani na lahani. Hoto kuwa ka ɗauki gaba ɗaya, da kawuna biyu, da riƙo, da kan kowace kibiya kusa-kusa. Muryoyin da ka ɗauka kada su kwana a salula kaɗai, ka kwafe su a kwamfuta da wani wuri dabam, in suna da yawa ka tuntuɓi cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, wadda ke adana irin wannan. Ka wanke hoto biyu ko uku ka kai wa gidan da ka sayi kayan in ka sake bi ta garin. A shafin farko na kayen kuma ka rubuta da manyan baƙaƙe wane akwati ne ke da dafi da inda makullinsa yake, ka nuna wa uwargida da babban ɗanka.